Me ya sa shirin tallafa wa matasan karkara kan watse bayan bikin raba kaya?

Tambaya: Mu wasu matasa ne da muka kafa ƙungiyar raya karkara, kuma mun sami tallafin da zai ɗauke mu shekara biyu. Niyyarmu ita ce mu zaɓi matasa 200 daga ƙauyuka goma, mu koya musu ɗinki da aski da walda na tsawon wata uku, mu raba musu kayan aiki, sannan mu haƙa rijiyoyin burtsatse a wasu daga cikin ƙauyukan. Sai dai mun sha ganin irin wannan shiri ya watse da zarar masu shi sun tafi. Me ke kawo haka, kuma ta ina ya kamata mu fara?

Amsa: Malam, na ji daɗin yadda kuka kawo wannan tambaya tun kuɗin bai fara fita ba, domin galibi sai an cinye shi ake yin ta, wato ihu bayan hari. Zan gaya muku abin da nake gani ba tare da ɓoye-ɓoye ba: tsarin da kuka zayyana shi ne ainihin wanda kuka ga yana watsewa, kuma abin da ke rusa shi yana nan cikin lissafinsa tun ranar farko.

Ku raba matasa 200 a kan ƙauyuka goma, kowane ƙauye ya tashi da ashirin. Idan kashi ɗaya cikin uku suka zaɓi ɗinki, kowane ƙauye ya sami sababbin teloli wajen bakwai a rana guda. Ƙauyen kuwa yana da telansa ɗaya ko biyu tun dā, waɗanda su ma aikin ba ya cika musu hannu sai a 'yan makonni cikin shekara. Zuwan sababbin kekuna bakwai ba zai ƙara yawan yadin da mutanen garin ke iya saya ba, ɗan abin da ake da shi ne za a raba wa mutum tara, kowa ya tashi da abin da ba zai riƙe shi ba. Bayan wata shida sai a ga kekunan a kasuwa. A wani shiri da na yi aiki a cikinsa shekarun baya, na koma na tarar da kayan da muka raba da hannunmu a shimfiɗe gaban dillali, lambar shirin ma ba a kankare ba. A lokacin na ji haushi, na bi sahun masu cewa matasan ba su da godiya kuma ba sa son aiki. Daga baya na gane cewa yaron da ya sayar da keken da ba ya kawo masa ko sisi, ya sayi akuya da kuɗin, ya fi mu da muka tsara shirin iya lissafi.

Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne. A 2017 David McKenzie, masanin tattalin arziki a Bankin Duniya, ya tattara sakamakon gwaje-gwajen da aka yi kan shirye-shiryen koyar da sana'a a ƙasashe masu tasowa, ya tarar cewa cikin kowane mutum 100 da aka ba horo, waɗanda suka sami aikin da ba za su samu ba in ba don horon ba ba su kai uku ba, alhali kuɗin horar da mutum ɗaya yakan kai dala 1,000 zuwa 2,000. Ba ina nufin koyon sana'a aikin banza ne ba. A Yuganda an gwada horo na wata shida cur a cibiyoyi masu inganci, a sana'o'in da aka tabbatar akwai masu neman ma'aikata a cikinsu, kuma ya yi amfani mai ɗorewa. Amma wata uku na walda, ba tare da ubangidan da zai ci gaba da duba hannun ɗan koyo ba, a ƙauyen da watakila ko wutar lantarki babu, takardar shaida kawai yake haifarwa.

To, in ba rashin horo ne babbar matsalar ba, mene ne? Akwai wani gwaji da ya kamata duk mai wannan aiki ya sani. A 2008 gwamnatin Yuganda, da tallafin Bankin Duniya, ta nemi matasan arewacin ƙasar su haɗu rukuni-rukuni, su rubuta sana'ar da suke so da abin da za su saya. Rukuni 535 suka cancanta, aka jefa ƙuri'a aka ba 265 kuɗi a hannu, kimanin dala 382 ga kowane mutum, ba tare da wani ya tsaya a kansu ba. Mutane da yawa sun ɗauka za a cinye kuɗin a shagali. Wani mai bincike, Christopher Blattman, da abokan aikinsa suka bi sawun matasan, suka tarar yawancinsu sun sayi kayan aiki sun kuma biya kuɗin koyo da kansu, kuma bayan shekara huɗu abin da suke samu ya ɗara na waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba da kashi 38 cikin ɗari. Masu son raba kuɗi a nan suke tsayar da labarin, amma yana da ci gaba. Da aka koma bayan shekara tara, sai aka ga waɗanda ba su sami komai ba sun tara nasu a hankali ta hanyar ƙwadago har sun kamo su a samun kuɗi, ko da yake waɗanda aka tallafa sun fi su kadara da kuma zama a sana'ar hannu. Abu biyu nake ɗauka daga nan. Matashi ya fi ku sanin abin da zai iya sayarwa a inda yake, saboda haka bai kamata ku zaɓa masa sana'a daga ofis ba. Sannan jari yana gaggauta tafiya, amma girman kasuwar wurin shi ke yanke iyakar inda za a kai.

Don haka aikinku na watanni ukun farko bai kamata ya zama horo ba. Ku shiga ƙauyukan nan ku binciki abu biyu: me mutanen garin ke fita waje su biya kuɗi a yi musu, kuma me ke fita daga garin ɗanye a farashi mai arha ya dawo a sarrafe da tsada? A amsar waɗannan tambayoyi sana'o'in gaskiya suke. Sau da yawa za ku tarar injin ban-ruwa in ya lalace sai an yi tafiyar yini kafin a sami mai gyara, dabbobi suna mutuwa don babu mai yi musu rigakafi a kusa, faifan hasken rana da batura sun shigo amma babu wanda ya iya haɗa su daidai, manoma suna sayar da amfanin gona da kaka lokacin da ya fi araha saboda babu wurin ajiya mai kyau, kuma babu wanda ke tattara kayan ƙananan manoma ya kai wa babban mai saye a dunƙule. Kowanne daga cikin waɗannan zai iya riƙe matashi ɗaya ko biyu a ƙauye, ba ashirin ba, kuma yana ƙara wa sauran mutanen garin samu maimakon ya raba musu ɗan abin da ke akwai.

Yadda za ku yi binciken ma yana da muhimmanci. Robert Chambers, wanda ya daɗe yana nazarin raya karkara, ya yi bayani tun farkon shekarun 1980 kan yadda baƙo ke ganin ƙauye a karkace: yana tsayawa inda mota ke kaiwa, yana zuwa da rani lokacin da hanya ke da kyau, yana magana da manyan gari da maza da masu baki, ya koma da rahoton da babu talakan gaske a ciki. Lokacin da ƙauye ya fi shiga ƙunci, wato tsakiyar damina da rumbu ya ƙare kuma cuta ta yi yawa, shi ne lokacin da ba a ganin baƙo. Ku kwana a can, ku je unguwannin da ke nesa da hanya, ku zauna da 'yan mata daban da samari daban, kuma ku yi tambaya fiye da yadda kuke bayani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga nan sai maganar adadi, kuma na san ba za ta yi muku daɗi ba: ku rage 200 ɗin nan, ko da zuwa 60 ne. Dalilina shi ne abin da ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ta koya. Marigayi Fazle Hasan Abed ya kafa ta a 1972, kuma a 2002 ta fara wani tsari na fitar da matalauta daga ƙangi wanda ya haɗa abubuwa da dama a lokaci guda: a ba mutum kadara mai haihuwa kamar dabba, a ba shi ɗan abin cefane na wasu watanni don kada yunwa ta sa ya sayar da ita, a koya masa kula da ita, a sa shi ajiya, sannan ma'aikaci ya riƙa ziyartarsa a kai a kai har kusan shekara biyu. An gwada tsarin a Habasha da Gana da Honduras da Indiya da Pakistan da Peru, aka fitar da sakamako a 2015, kuma ya yi aiki a yawancinsu. Inda ya gaza shi ne Honduras, domin yawancin mutanen kaji aka ba su, cuta ta shigo ta kashe da yawa. Ku dubi wannan da kyau. Tsari ɗaya ne, kuɗi an kashe, niyya tana da kyau, amma mutuwar kaji ta rushe komai. Abin da ke biyo bayan ranar rabo, wato ziyara da gyara da magani da haɗa mutum da mai saye, shi ya fi cin kuɗi da lokaci, kuma shi ne ba ya fitowa a hoto, shi ya sa ake yanke shi daga kasafi. In kun raba kuɗinku a kan mutum 200, ba za ku bar komai don wannan ba.

Wa zai shiga cikin sittin ɗin kuma? Kalmar matashi tana da faɗi. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ƙidaya daga shekara 15 zuwa 24, Yarjejeniyar Matasan Afirka ta 2006 kuma ta kai shi 35, kuma buƙatar ɗan shekara 17 da ke gidan iyayensa ba ɗaya take da ta ɗan shekara 33 mai iyali ba. In kuka miƙa wa manyan gari takarda su cike sunaye, 'ya'yansu da na abokansu za ku samu, ba lalle don mugunta ba, sai don su suka fi kusa. In kuma kuka tsallake manyan gaba ɗaya, kun sayi gaba, kuma a hannunsu filin noma yake, wanda shi ne babban abin da ke tauye matashin karkara: yana aiki a gonar da ba shi ke yanke shawara a kanta ba, ba kuma shi ke riƙe kuɗin amfaninta ba. Abin da na ga ya fi zaman lafiya shi ne a amince da sharuɗɗan cancanta a bainar jama'a tare da manyan, a karanta sunayen waɗanda suka cika su, in sun fi gurbin da ake da shi yawa a jefa ƙuri'a kowa na gani. Duk filin da za a ba matasa aro kuma a rubuta shekarunsa da shaidu, domin ba wanda zai zuba taki ko ya dasa itace a gonar da za a karɓe baɗi. 'Yan mata kuwa sai an yi musu tanadi na musamman, in ba haka ba ba za su zo ba. BRAC ta gwada buɗe musu wuraren haɗuwa a cikin unguwanninsu a Yuganda, ƙarƙashin jagorancin wata da ta ɗan girme su, ana haɗa koyon sana'a da ilmin zaman duniya, kuma bayan shekara huɗu masu sana'a a cikinsu sun ƙaru sosai, ɗaukar ciki da ƙuruciya kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Yanzu rijiyoyin. Haƙawa ba ta da wuya. Ƙididdigar da aka sha yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tana nuna cewa a kowane lokaci wajen ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na famfunan tuƙa-tuƙa ba sa aiki, kuma sau da yawa abin da ya lalace ƙaramin ƙarfe ne ko roba. Famfon yana zaune ne saboda ba a san mai shi ba: mutanen gari suna kiransa da sunan ƙungiyar da ta kawo shi, suna jiran ta dawo ta gyara kayanta. Misalin da ya fi fice shi ne PlayPump, wani lilo mai zagayawa da aka ce yara za su riƙa wasa a kai yana jawo ruwa. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi masa alƙawarin dala miliyan 16.4, aka kafa shi a ƙasashen kudancin Afirka, wani wurin har aka cire famfon da ke aiki don a sa shi. Yara suka gaji, mata suka koma tura lilo da hannu, in ya lalace kuma babu mai gyara a kusa, kuma zuwa 2010 ƙungiyar da ke yaɗa shi ta naɗe tabarmarta. Ba a tambayi masu ɗiban ruwa ba.

Ku kwatanta da abin da Koriya ta Kudu ta yi. A 1970 gwamnatin Park Chung-hee ta ba ƙauyuka sama da 33,000 buhun siminti 335 kowanne, ta ce su yi aikin da zai amfani kowa, su kuma za su kawo ƙarfi da fili. Da aka zagaya, wajen rabinsu sun yi abin kirki da aikin gayya, sai aka ƙara wa waɗannan buhu 500 da tan ɗaya na rodi, sauran kuma aka bar su sai sun motsa. Wannan ne mafarin shirin Saemaul Undong, wato shirin sabunta ƙauyuka. Ba na so ku ɗauke shi tamkar tatsuniya mai daɗi, domin gwamnatin kama-karya ce ta yi shi, akwai matsi a ciki, kuma ya zo daidai da bunƙasar masana'antu da tallafin farashin amfanin gona. Amma dabarar tana da kyau: a fara da kaɗan, gari ya zaɓi aikin, ya zuba nasa, ƙari kuma ya biyo bayan abin da aka gani a ƙasa. Tanzaniya ta nuna ɗaya fuskar. A 1960 wasu matasa ƙarƙashin Ntimbanjayo Millinga suka kafa ƙauyen Litowa bisa raɗin kansu, abin ya yaɗu ya zama ƙungiyar raya yankin Ruvuma, mai makarantarta da injin niƙa da na yankan katako, har shugaban ƙasar, Julius Nyerere, yana yaba ta. A 1969 jam'iyya mai mulki ta rushe ta, daga 1973 kuma aka mayar da zama a ƙauyukan Ujamaa, wato ƙauyukan noman haɗin gwiwa, dole, aka kwashi miliyoyin mutane, noman haɗin gwiwar bai yi albarka ba. Abin da matasa suka gina da son ransu ya tsaya, da aka mayar da shi umarni daga sama ya lalace.

Saboda haka kada ku haƙa rijiya ko ɗaya sai garin ya nuna ita yake so fiye da wani abu, ya tara wani kaso na kuɗin, ya amince da ɗan abin da kowane gida zai riƙa biya, kuma an san inda ake samun kayan gyara. A nan ne ɓangarorin shirinku biyu za su haɗu: ku horar da matasa biyu ko uku su zama makanikan famfo na ƙauyukan goma, a riƙa biyansu daga wannan asusu. Kun samar da sana'a mai masu saye, kun kuma tsare rijiyoyin.

Batun kuɗi yana buƙatar taka-tsantsan ta fuska biyu. Kada ƙungiyarku ta zama mai ba da rance, domin mutane sun san kuɗin tallafi ne kuma za ku tafi, ba za a biya ba, ku kuma za ku koma masu bin bashi a garin da kuka je taimako. Gwaje-gwaje shida da aka fitar a 2015 kan ƙananan rance sun nuna amfaninsa matsakaici ne, bai fitar da yawancin masu karɓa daga talauci ba. Abin da ya fi ɗorewa shi ne asusun ajiya da rance na 'yan rukuni, irin wanda ƙungiyar CARE ta fara a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, ya kuma bazu a ƙasashe da dama: mutum 15 zuwa 30, akwati mai kwaɗo uku da makullai a hannun mutum uku, ajiya kowane mako, rance daga abin da suka tara, a raba a ƙarshen shekara. Ƙarfinsa shi ne babu kuɗin waje a ciki, don haka kowa yana sa ido. Fuska ta biyu ta shafe ku ne. Wani masanin tattalin arziki, Benjamin Olken, ya binciki ayyukan hanya a ƙauyuka 608 na Indonesiya, ya sa injiniyoyi suka tono hanyoyin suka auna abin da aka zuba, ya tarar sama da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da aka rubuta ba a ga inda ya shiga ba. Yawaita tarukan jama'a bai rage ɓatan sosai ba, amma sanar da gari cewa tabbas mai binciken kuɗi zai zo ya rage shi da kimanin maki takwas cikin ɗari. Ku manna kasafin kowane aiki inda kowa zai karanta, ku kuma kawo mai bincike daga waje, har a kan littattafanku.

Wani abu kuma a taƙaice: kada ku auna nasara da hana matasa tafiya birni. A arewacin Bangaladash an gwada ba magidanta kuɗin mota kawai, wajen dala takwas da rabi, don su tafi ci-rani lokacin da aiki ya yanke, kuma cin abincin iyalansu ya ƙaru sosai, ko da yake da aka faɗaɗa shirin bai ba da irin wannan sakamako ba har aka dakatar da shi. Wanda ya tafi ya dawo da jari yana cikin masu raya ƙauye, kuma jadawalin horonku ya kamata ya san lokacin da suke nan da lokacin da ba sa nan.

Masu ba ku tallafi za su nemi adadin waɗanda aka horar, ku ba su, amma ku riƙe wani littafi na kanku. Tun kafin a fara ku rubuta abin da kowane matashi ke yi da abin da yake samu a mako, har da waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba, domin da su za ku gane ko shirinku ne ya kawo canjin ko kuwa shekarar ce ta yi kyau. Ku sake tambaya bayan wata shida, da shekara ɗaya, da damina da rani: kayan aikin suna hannunsa, mutum nawa suka biya shi a makon jiya, famfo kwana nawa ya yi a lalace kafin a gyara, rukunin ajiya ya zauna ba tare da ku ba? Ku gaya wa kowane gari ranar da za ku janye tun a zaman farko, ku riƙa rage zuwa a cikin watanni shidan ƙarshe don ku ga abin da ke tsayawa da ƙafarsa tun kuna kusa, kuma ku roƙi mai tallafin ya bar muku ɗan kuɗin mota da za ku koma da shi shekara guda bayan an rufe shirin, ku sake cike littafin nan.